Fashin Baƙi: Me Malamin Antropoloji Ke Nema a Takardar Binciken Ɗalibi?

Da zarar zangon karatu ya raba tsakiya, ƙorafi iri ɗaya ake ji a bakin 'yan aji ɗaya na jami'a masu ɗaukar darasin share fage kan antropoloji: "Na cika shafi goma, na kawo al'adun Hausawa tun daga suna har jana'iza, amma makin da malam ya ba ni kamar ban taɓuka komai ba." Wani ya ce malamin ne mai tsauri. Wani ya ce ai tunda ChatGPT na zubo shafi goma kafin shayi ya huce, aikin ma ya zama ɓata lokaci. Iyaye kuwa tasu tambayar daban ce: wane irin karatu ne za a tura yarinya gidan biki da biro da littafi?

To mece ce takardar bincike a wannan fanni? Me ya raba ta da jerin al'adun da kowa ya haddace tun firamare? Kuma me ya sa ɗalibi Bahaushe, wanda ya tashi cikin al'adar da yake rubutu a kai, yakan fi shan wahala maimakon ya fi samun sauƙi?

Shi kansa fannin

Antropoloji nazarin ɗan'adam ne: yadda yake rayuwa, yadda yake tsara aure da gado da ciniki da ibada, da abin da ya sa mutanen wani wuri suka bambanta da na wani. A tsarin da Franz Boas da almajiransa suka kafa a Amurka farkon ƙarni na 20, an kasa shi gida huɗu. Akwai nazarin al'adu da zamantakewa, akwai nazarin harshe, akwai nazarin kayan tarihi da ake tonowa daga ƙasa, sai nazarin jikin ɗan'adam da ƙasusuwan mutanen dā.

Kowane gida a cikin huɗun nan yana da alaƙa da yankinmu. Gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza, aikin masu tonon tarihi ne. Haka kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a ƙasar da yanzu take jihar Yobe, wanda aka auna shekarunsa kusan 8,000. Ƙoƙon kan da aka laƙaba wa suna Tumai, wanda aka gano a hamadar Chadi a 2001, yana cikin abubuwan da masu nazarin ƙasusuwa suka fi tattaunawa a kai. Joseph Greenberg kuwa, mutumin da ya tsara dangantakar harsunan Afirka ya sa Hausa cikin dangin harsunan Chadi, da zama cikin Maguzawan ƙasar Kano ya fara aikinsa a ƙarshen shekarun 1930.

A jami'o'in Najeriya yawanci sashen nazarin zamantakewa ne ke koyar da darasin share fagen. Jami'ar Maiduguri ta haɗa fannonin biyu a sashe guda, Jami'ar Ibadan kuma ta haɗa antropoloji da tonon tarihi. Aikin da aka fi bai wa ɗalibi a wannan mataki na ɓangaren al'adu ne, don haka a nan zan tsaya.

Inda maki ke zubewa

Ɗauki takardar da ta fara da "Hausawa mutane ne masu kunya da karɓar baƙi," ta bi da neman aure, baiko, lefe, kamu, ɗaurin aure, kai amarya, buɗar kai. Babu ƙarya a ciki. Matsalar ita ce babu tambayar da takardar ta amsa. Malami zai karanta har ƙarshe bai san abin da ɗalibin ya gano ba, domin bai gano komai ba. Ya kwashe abin da kowa ya sani ne ya jera.

Sannan ga kalmar "Hausawa" da ake jefawa kamar duk mutum ɗaya ne. Waɗanne Hausawa? Na Maraɗi ko na Zangon Kumasi? 'Yar attajiri a Nasarawa ta Kano ko 'yar manomi a ƙauyen Batagarawa? A zamanin kakarka ko bana? Lefen da aka kai a shekarun 1970 cikin kwando ko fantimoti ba shi ne jerin akwatunan da ake ɗauka a bidiyo yau ba. Duk jimlar da ta ce "Hausawa suna yin kaza" ba tare da wuri da lokaci da irin mutanen ba, malamin antropoloji zai ja mata layi, kuma da gaskiyarsa.

Takardar bincike amsa ce ga tambaya guda, amsar da wani mai hankali zai iya musantawa, wadda kai kuma za ka kare da hujja. Misalin da na fi so shi ne na Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan farkon shekarun 1960. Bai tafi don ya jera al'adun Hausawan Sabo ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne: me ya sa mutanen da suka yi nisa da gida, suna zaune tsakiyar ƙasar Yarbawa, riƙonsu da Hausanci ke ƙara ƙarfi maimakon ya sassauta? Amsar da ya bayar ita ce fataucin goro da shanu tsakanin arewa da kudu bisa amana da bashi yake tafiya, ba banki ba takarda, don haka tsare harshe da sutura da zaman unguwa ɗaya da shiga ɗarikar Tijjaniyya shi ne katangar da ta riƙe wannan amana, ta kuma tsare cinikin a hannunsu. Kana iya cewa ya rage wa imanin mutane daraja da ya ɗaura shi a kan kasuwa. Madalla, ka shiga muhawara ke nan. Abin da ba a iya yi da jerin al'adu shi ne a yi musu da shi.

Yadda ake haƙo tambaya

A ce ɗaliba ta zaɓi "biki". Wannan teku ne, ba ta iya ƙetare shi a mako shida. Sai ta matse: bikin aure a unguwarsu. Har yanzu da faɗi. Sai ta tuna wani abu da take gani tun tana ƙarama ba ta taɓa tsayawa a kansa ba: ranar wuni, akwai wata da ake zaunarwa kusa da uwar biki da littafi, tana rubuta wance ta kawo kaza, wance ta kawo kaza. In kyauta ce, me ya kawo rubutu? In bashi ne, me ya sa ba wanda ke kiran sa bashi a fili? Me ya sa in lokacin ramawa ya zo, sau da yawa ba a mayar da daidai abin da aka kawo, sai an ɗora wani abu a kai? Me ke samun matar da ta kasa ramawa?

Nan ta samu takarda. Tambayar ƙarama ce, ana iya ganin amsarta da ido a biki biyu ko uku, kuma tana buɗe ƙofa zuwa babbar magana. Wani masani Bafaranshe, Marcel Mauss, ya yi rubutu a 1925 cewa a al'ummomi da yawa kyauta tana ɗauke da wajibai uku: ka bayar, ka karɓa, ka rama. Ɗalibar za ta iya ɗora abin da ta gani a kan wannan ma'auni ta duba ko ya hau. Wataƙila ta tarar gudummawar biki wata irin ajiya ce da mace ke warwatsawa cikin ƙawaye don ranar da nata zai taso. Wataƙila ta tarar tsadar rayuwa ta sa wasu sun fara janye jiki, ko tura kuɗi ta waya ya maye gurbin littafin, ya kuma canza wanda ke ganin abin da aka bayar. Duk wanda ta samu, nata ne, babu shi a intanet.

Irin waɗannan tambayoyi zube suke a ƙofar gida. Me ya sa wasu iyaye mata har yau ba sa kiran sunan ɗan fari, kuma su wa suka daina? Yaya ake zaɓar uwar adashi, me ake yi wa wadda ta ci ta ƙi zubi? Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko taubasai, yaushe yake kashe rigima, yaushe yake wuce gona da iri? Wannan na ƙarshen ma hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa irinsa na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Tebirin mai shayi kaɗai ya isa takarda: wa ke zama ina, wa ke sha bashi, wace magana ake yi a can da ba a yi a gida.

Gani ya kori ji

Hanyar da ta bambanta wannan fanni da sauran ita ce zama cikin mutane ana yin abin da suke yi, ido na kallo, kunne na saurare. Wanda aka fi dangantawa da kafa ta shi ne Bronislaw Malinowski, ɗan asalin Folan, wanda ya yi zama mai tsawo a tsibiran Trobriand kusa da Niyu Gini tsakanin 1915 da 1918. Kafin shi, da yawa daga manyan masanan Turai daga ɗakin karatu suke rubutu a kan mutanen da ba su taɓa gani ba, da rahoton 'yan mishan da matafiya. Shi ya kafa tanti cikin ƙauye, ya koyi harshen, ya bi yadda ake zagayawa da sarƙoƙin wuya da awarwaron kwanson teku daga tsibiri zuwa tsibiri, kayan da ba a ci ba a sayarwa, amma suna ɗaure zumunci da girma. Ɗalibarmu ta littafin gudummawa za ta ji wannan bai yi mata nisa ba.

Ba wanda ke sa ran ɗan aji ɗaya ya yi shekara a fili. Wuni uku a wuri guda da hira da mutum biyar ko shida ya isa, in an yi su da kyau. Kyan nasu yana cikin littafin da kake rubutawa. Rubuta a ranar, kafin ka kwanta, domin abin da ya kwana ya fara gauraya da zato. Sa rana da lokaci da wuri. Raba shafi: gefe guda abin da ka gani ko ka ji, ɗaya gefen abin da kake tsammani yake nufi. "Matar ta ji haushi" fassararka ce. "Ta karɓi ledar, ba ta buɗe ba, ta tura ta bayan kujera, ba ta yi godiya ba" shi ne abin da ido ya gani. Na biyun ne hujja. Kuma in mutum ya faɗi magana, kama ta da kalmominsa, da Hausarsa. In tsohuwa ta ce "wance ba ta da zumunci, ci kawai ta sani," kada ka mayar da shi "rashin haɗin kai". Cikin wannan "ci" ɗin maganar take.

Abu ɗaya da zama ke nunawa wanda takardar tambayoyi ba ta nunawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da mutane ke cewa suna yi da abin da suke yi. Tambayi magidanci a ƙofar gida ko matarsa na sana'a, ya ce maka a'a, tana kulle. Polly Hill, wadda ta yi aiki a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna akwai kasuwa sukutum a cikin gidaje, mata na saye da sayar da hatsi da abinci ba tare da sun taka waje ba. Enid Schildkrout kuma, a birnin Kano cikin shekarun 1970, ta bi sawun yaran da ke riƙe da wannan kasuwa da ƙafafunsu, masu aike da talla. Magidancin bai yi ƙarya ba. A wurinsa "sana'a" na nufin fita. Aikin mai bincike shi ne ya gano me kalmar ke nufi a bakin mai faɗinta.

Ɗan gida: riba da tarko

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya ne ɗalibi Bahaushe yana da abin da baƙo zai yi shekaru bai samu ba. Ya san habaici in an yi, ya san shirun da ke nufin a'a, ya san gidan da ba a shiga. Ɗalibai mata ma sun fi riba. Lokacin da M. G. Smith ke nazarin sarauta da tattalin arzikin ƙasar Zazzau, matarsa Mary ce ta iya shiga cikin gida. Ita ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta: zamanin harin bayi, zuwan Turawa, aure-aurenta, ƙawance, riƙon 'ya'ya. Littafin ya fito a 1954, bayan rasuwar Baba, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ni abin da ke taɓa ni a nan shi ne, akwai irin Baba a kusan kowane gida namu, kuma kullum ana binne su da abin da ke cikinsu.

Amma sabo yana rufe ido. Abin da ka tashi ka tarar ana yi ba ya yi maka kama da abin tambaya. Baƙo zai tsaya ya ce me ya sa ake durƙusawa a gaida wannan, ba a durƙusa wa wancan. Kai kuwa za ka wuce, don "haka ake yi". Waɗannan kalmomi uku su ne babban abokin gaban ɗalibi ɗan gida. Duk inda ka ji bakinka zai ce "haka ake yi", tsaya nan, ka tono.

Tarko na biyu shi ne son kare gida. Ɗalibi ya ga abin da bai yi masa daɗi ba, ya ɓoye don kada a ce al'adarmu ba ta da kyau, ko kuma ya juya takardar ta zama wa'azi a kan bidi'o'in biki. Duka biyun sun kauce. Na farko ya rage gaskiya, na biyu ya yanke hukunci kafin ya fahimta.

Sai na yarda da abin da nake nazari?

Wannan ce tambayar da ta fi damun ɗalibai masu kishin addini, kuma ba ta wasa ba ce. A darasi za a ce musu kada su auna al'adar wasu da mudun tasu. Wasu sukan ji kamar ana ce musu komai daidai ne, babu halal babu haram. Ba haka ake nufi ba. Ƙa'idar aiki ce: kafin ka ce abu ya yi ko bai yi ba, fahimci yadda masu yin sa suke ganin sa. Wanda zai yi rubutu a kan bori ba a ce ya yi imani da iskoki ba. An ce ya iya bayyana wa ke zuwa, da wace damuwa, me suke cewa sun samu, ta yadda in su suka ji bayanin za su ce e, haka muke nufi.

Wannan ɗabi'a ba Turawa suka fara ta ba. Abu Raihan al-Biruni, wajen shekara ta 1030, ya koyi harshen Sanskirit ya rubuta littafi a kan mutanen Indiya, addininsu da lissafinsu da dokokinsu, ya kuma bayyana tun farko cewa manufarsa ya kawo abin da suke cewa yadda yake, ba raddi ya zauna yi ba. Bai bar Musuluncinsa ba, amma ya ga adalci ne ya faɗi maganar mutane daidai. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ma ta ambaci sanin juna a matsayin hikimar kasa mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila.

Haka batun asalin ɗan'adam da ke zuwa a ɓangaren ƙasusuwa. Jarrabawa na neman ka san me masana kimiyya suka ce, da wace hujja, ta yaya suke auna shekarun ƙashi. Jimlar "masu binciken sun ƙiyasta shekarun Tumai kusan miliyan 7" rahoto ce, kuma rahoto na gaskiya.

Tabon mulkin mallaka

Masu sukar fannin suna da hujja, kuma ya kamata ɗalibi ya san ta. Da yawa daga rubuce-rubucen farko a kan Hausawa ma'aikatan mulkin Ingila ne suka yi su. A. J. N. Tremearne soja ne. C. K. Meek jami'in mulki ne da gwamnati ta ɗora wa nazarin ƙabilu. R. S. Rattray ya shugabanci sashen antropoloji na gwamnatin mallaka a ƙasar da ta zama Ghana, kuma tarin tatsuniyoyi da al'adun Hausa da ya buga a 1913 wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa da ajami, amma sunan Baturen aka fi sani. Sanin mutane a wancan zamani hanya ce ta mulkarsu. A 1973 Talal Asad ya fito da wannan magana fili cikin wani tarin maƙalu da ya girgiza fannin.

Wasu na ganin saboda haka a yi watsi da tsofaffin littattafan. Ban tare da su. Cikinsu akwai waƙoƙi da kirari da bayanin sana'o'in da babu su a wani wuri yanzu. Abin yi shi ne a karanta su da ido biyu: wa ya rubuta, wa ya biya shi, wa ya yi masa tafinta, wa aka tambaya, wa aka tsallake. Ɗalibin da ya ɗauko bayanin Bature na 1913 a kan wata al'ada, ya kai wa kakarsa ya karanta mata, ya rubuta inda ta yarda da inda ta ce sam, ya yi aikin da ya fi ƙarfin ajinsa.

Amanar waɗanda suka ba ka labari

Mutanen da ka yi hira da su ba littafi ba ne, gobe ma za su ci gaba da zama da maƙwabtansu. Gaya musu kai wane ne, me kake rubutawa, wa zai karanta. Kada ka kunna rikoda a aljihu, kada ka ɗauki hoto ba izini. Sauya sunaye, kuma ka lura sauya suna kaɗai ba ya isa: in ka ce "matar mai unguwa ta uku", ka riga ka nuna ta. In wata ta gaya maka ta ci bashi don ta fita kunyar biki mijinta bai sani ba, ka tambayi kanka ko takardar aji ta kai a jefa aurenta cikin haɗari. Yara kuwa sai da yardar iyayensu. Wanda ya ce ba ya so, a bar shi, ko da ƙanin mahaifinka ne.

Karatu, ambato da na'ura

Abin da ka gani rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne ka san me aka riga aka faɗa. Maƙala uku ko huɗu da ka karanta da gaske sun fi ashirin da ka jera sunansu. Shafukan intanet na neman maƙalun masana irin su Google Scholar da JSTOR da rumbun mujallun Afirka na AJOL wuraren farawa ne, ga Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ga mai neman tsofaffin takardu. Wikipedia zaure ce, a bi ta a shiga ciki, ba wurin kwana ba ce. Duk maganar da ba taka ba, faɗi mai ita, da shekara, da shafi in kalmominsa ka ɗauko. Tsarin ambato kuwa, APA ne ko Chicago, bi wanda malaminka ya ce.

Game da ChatGPT da ire-irensa, ra'ayoyi sun rabu: wasu malamai sun hana gaba ɗaya, wasu sun yarda a yi amfani da shi wajen gyaran Turanci in an bayyana. Tambayi naka malamin tun da wuri. Amma abu biyu tabbas ne. Waɗannan manhajoji sukan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne in malami ya nemi ya ga littafin. Na biyu, abin da suka fi iyawa shi ne ainihin jerin nan na "Hausawa suna yin kaza" wanda ba ya kawo maki. Ba su je wunin bikin ba, ba su ga ledar da aka tura bayan kujera ba.

Zubin takardar kansa ba shi da wuya. Sakin layi na farko ya faɗi tambayar da amsar da za ka kare. Sai ka ce ina ka je, yaushe, da mutum nawa ka yi magana, kuma mene ne alaƙarka da su. In gidan gwaggonka ne, faɗi, ba aibi ba ne, ɓoyewar ce aibi. Sai hujjoji, kowace da abin da take nunawa. Ka ba abin da ya saɓa wa ra'ayinka wuri, domin matar nan guda da ta ce ita ba ta rubuta gudummawa tana iya zama mafi muhimmanci a cikin waɗanda ka tambaya. Kuma kada amsarka ta fi hujjarka girma: biki uku a unguwa ɗaya ka gani, to a kansu za ka yi magana.

Me ya shafi wanda ba ɗalibi ba?

A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin arewa, Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004. Bayanin da ya fi yawo a waje shi ne jahilci. Masu binciken da suka zauna da iyaye, irin su Elisha Renne a Zariya, sun jiyo wata magana daban. Mutane na tambaya: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan ɗigon kyauta, alhali in zazzaɓi ko ƙyanda ta kama yaro sai mun biya a asibiti? Ga kuma gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda ba a manta ba. Wanda ya ɗauka jahilci ne, sai ya ƙara lasifika. Wanda ya ji tambayar, shi ya san sai an haɗa da sarakuna da malamai, an kuma kawo wasu magungunan da mutane ke buƙata tare da ɗigon.

Haka abin yake ga duk dokar da za a kafa a kan talla, ko almajirci, ko tsadar aure. Wanda zai hana yarinya talla bai san jarin uwarta da kayan ɗakin ita yarinyar a kan farantin nan suke ba, zai yi doka a takarda, gidaje su ci gaba da abin da suke yi. Yawancin 'yan ajin share fagen nan ba za su zama masana antropoloji ba. Za su zama ma'aikatan lafiya, jami'an ƙananan hukumomi, 'yan jarida, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, su ne za a tura ƙauye da fom a hannu. Ga da yawansu, wannan 'yar takarda mai shafi goma ita ce karo na farko, wataƙila kuma na ƙarshe, da wani zai tilasta musu su zauna a tabarma su saurari tsohuwa har ta gama maganarta kafin su rubuta komai.